Me Ya Sa Masana Kimiyya Ke Sauya Magana? Tarihin Gano Sanadin Cuta da Abin da Unguwannin Zongo na Accra Suka Gani

Tun da aka tabbatar da shigar annobar korona Gana ranar 12 ga Maris 2020, akwai wani ƙorafi da bai bar bakin jama'a ba a Nima da Maamobi da Sabon Zongo, a majalisun shan ataya da ƙofofin masallatai: wai likitoci ba su da tsayayyar magana. Da farko an ce takunkumin fuska na masu jinya ne, bayan 'yan watanni aka ce kowa ya sa. Dattawa kuma suna tuna zamanin da kulorokwin ne maganin zazzaɓin cizon sauro a kowane asibiti, sai a tsakiyar shekarun 2000 gwamnati ta ce a bar shi. Wannan ƙorafi yakan zo tare da wasu biyu, cewa kimiyya kayan Turawa ce, kuma an sha cutar baƙar fata da sunanta. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ba a kawar da su da tsawa. Hanyar warware su ita ce a bi tarihin tambaya guda, wato me ke kawo cuta, domin wani muhimmin sashe na amsarta a nan Accra aka samo shi.

Ma'anar kalmomin

Kimiyya kalma ce da Hausa ta aro daga Larabci, inda take nufin ilimin haɗa sinadarai. A Hausar makaranta da rediyo ta zama sunan duk ilimin da ake samu ta hanyar lura da aunawa da gwaji. Hasashe shi ne amsar wucin gadi da mai bincike ke bayarwa kafin ya tabbatar. Gwaji shiri ne da ake tsarawa yadda idan hasashen ƙarya ne zai tonu. Nazariyya kuwa bayani ne mai faɗi da ya tsallake gwaje-gwaje masu yawa a hannun mutane dabam-dabam, har aka dogara da shi, tare da barin ƙofar gyara a buɗe.

Ƙwayar cuta suna ne na gama-gari ga halittun da ido ba ya gani masu sa rashin lafiya. Daga cikinsu akwai bakteriya, irin mai kawo kwalara da tarin fuka. Akwai bairos, wanda ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ya hayayyafa sai a cikin ƙwayoyin jikin wata halitta. Shi ke kawo ƙyanda da shawara da korona. Ƙwayar maleriya aji ne na uku. Bambancin yana da amfani a aikace: maganin da ake kira antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairos, don haka mai sayen kafso a kemis saboda mura asarar kuɗinsa yake yi.

Kafin a ga ƙwayar cuta

Fiye da shekara dubu, likitocin Girka da na Musulmi da na Turai sun tafi a kan bayani biyu. Na farko, lafiya daidaito ne tsakanin zafi da sanyi da danshi da bushewa a jiki. Na biyu, annoba daga gurɓatacciyar iska take, irin mai tashi daga fadama da juji da mushe. Wannan fahimta ta likitan Girka Jalinus ce ta ratsa babban littafin Ibn Sina, Al-Ƙanun, wanda ya kammala a 1025, kuma har yau ana jin sauranta a bakinmu idan muka ce sanyi ya kama wane.

Amma a cikin wannan gida ne aka fara wasa kaifin lura. Abubakar al-Razi, wanda ya rasu wajen 925, ya rubuta bayanin da ya rarrabe agana da ƙyanda ta alamominsu. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne ke shiga ido, ya kuma dage cewa mai neman gaskiya ya tuhumi abin da ya karanta a littattafan magabata. Bayan babbar annobar 1348, Ibn al-Khaɗib na Garnaɗa a Andalus ya rubuta cewa cutar tana bin cuɗanya da tufafi da kwanuka da jiragen ruwa, hujjarsa kuwa ita ce waɗanda suka keɓe, kamar makiyaya a daji, sun tsira. Wannan magana ta taɓa wata muhawara ta malamai, domin akwai hadisin da zahirinsa ke kore yaɗuwar cuta, akwai kuma wanda ya hana shiga garin da annoba ta ɓarke ko fita daga cikinsa, ga shi Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas. Malamai da yawa sun haɗa su da cewa cuta ba ta da ikon kanta, amma Allah ya sanya cuɗanya ta zama sanadi.

Ƙasar Hausa ba ta kasance a wajen wannan zance ba. Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan lissafi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bar rubuce-rubuce a kan magani. A 1721 wani bawa ɗan Afirka mai suna Onesimus ne silar gwada tsagar rigakafin agana a Boston ta Amurka, domin shi ya bayyana yadda ake yinta a ƙasarsu, shekara 75 kafin allurar Edward Jenner ta 1796. Sai dai adalci ya sa a faɗi cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya san ƙwayar cuta. Masu cewa Musulmi sun riga sun gano komai suna wuce gona da iri kamar masu cewa ba su gano komai ba.

Madubi, famfo da sauro

A shekarun 1670 wani ɗan kasuwar yadi a Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya goge gilashi har ya ga ƙananan halittu suna yawo a ɗigon ruwa. An yi kusan shekara 200 kafin a danganta su da cuta. A 1854 John Snow ya bi gidajen da kwalara ta yi kisa a wata unguwar Landan, ya ga yawancinsu famfo ɗaya suke sha, amma hukuma ta ci gaba da riƙe bayanin iska har bayan rasuwarsa. Aikin Louis Pasteur a Faransa da Robert Koch a Jamus ne ya karya tsohon bayanin. Koch ya ware bakteriyar tarin fuka a 1882, ta kwalara kuma a Masar da Indiya a 1883 zuwa 1884. A 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar maleriya a jinin wani soja a Aljeriya, a 1897 Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a Indiya. A 1894 aka gano bakteriyar annobar ɓeraye a Hong Kong, bayan shekara huɗu aka nuna ƙuma ce ke ɗauko ta daga ɓera zuwa mutum.

Abin lura shi ne tsohon bayanin bai zama shirme gaba ɗaya ba. Mutanen da sun ga daidai cewa zazzaɓi na bin fadama. Abin da suka ɓata shi ne dalilin, suka ɗora wa wari laifin sauro.

Annobar 1908 da tsarin gari

Shekara goma kacal bayan gano rawar ƙuma, annobar ɓeraye ta sauka Accra a farkon 1908. Gwamnatin Ingila ta turo Farfesa William Simpson, wanda ya yi aikin lafiya a Kalkata. An killace gari, an kashe ɓeraye, an yi wa dubban mutane allurar rigakafin da Waldemar Haffkine ya haɗa a Bombay, an kwashe jama'a daga cunkoson Jamestown da Usshertown, an rushe gidaje. Annobar ta lafa cikin shekarar. A zamanin wannan rushe-rushe da sake tsugunar da mutane ne Adabraka da Korle Gonno suka tashi, kuma wajen 1912 Malam Baƙo ya jagoranci Hausawa daga tsohon zangon tsakiyar gari zuwa Sabon Zongo, inda cunkoso da saɓanin shugabanci su ma suka taka rawa.

A nan ne ƙorafi na uku yake da tushe, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Bayan gano cewa sauro ke yaɗa maleriya, akwai hanyoyi biyu a gaban masu mulki. Ko a yaƙi sauro a gari duka, a gina magudanai, a raba kwinin ga kowa, ko kuwa a raba mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Wasu masu bincike na Ingila da suka zo Afirka ta Yamma wajen 1900 sun auna jinin yara suka tarar yawancinsu na ɗauke da ƙwayar, sai suka ba da shawarar Bature ya kwana nesa da su. Gwamnan Legas William MacGregor, wanda shi kansa likita ne, ya ƙi, ya zaɓi hanya ta farko. Amma ta biyu ce ta yi rinjaye domin ta fi arha kuma ta dace da son zuciyar mai mulki. Simpson ya goyi bayanta. Haka unguwar Ridge ta Accra ta zama ta Turawa, haka kuma a Najeriya dokar Gwamna Lugga ta sa a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, abin da ya bar tabo a tsarin Kano da Kaduna da Zariya. Abin da talaka ya gani na sabon ilimin shi ne 'yan duba-gari, waɗanda a Gana ake kira tankas ko samansaman, suna leƙa randa suna cin mata tara saboda 'ya'yan sauro.

Nima ta zo daga baya. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya samu filin daga iyalan Odoi Kwao na Osu. Unguwar ta cika a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da masu neman aiki a sansanonin soja na kusa, a wajen iyakar hukumar gari, ba tsarin titi ba magudana. A lokacin an haura shekara 50 da sanin abin da ke kawo kwalara. Ilimin yana nan. Kuɗin aiki da shi ne aka kai wani wuri. Wannan hukuncin siyasa ne, kuma binciken sauro bai tilasta shi ba, tunda MacGregor ya karanta bincike guda ya yanke akasinsa.

Jinin Asibi da kuskuren Noguchi

Babu labarin da ya fi nuna yadda kimiyya ke gyara kanta irin na zazzaɓin shawara. Carlos Finlay na Kuba ya yi hasashe a 1881 cewa sauro ke yaɗa shi, tawagar Walter Reed ta tabbatar a 1900. Saura a san ƙwayar. Hideyo Noguchi, ɗan Japan mai aiki a Cibiyar Rockefeller ta New York, mutum ne da duniya ta riga ta sallama wa saboda aikinsa a kan ciwon tunjere. A 1918 ya tafi Guayaquil a Ekwado, ya sanar cewa ya gano wata bakteriya mai kama da murɗaɗɗen zare ita ce sanadi, har ya haɗa rigakafi aka yi wa dubban mutane. Saboda girman sunansa an karɓi maganar shekaru.

Sai dai wasu da suka maimaita aikinsa ba su samu abin da ya samu ba. A 1926 aka nuna bakteriyar tasa ita ce mai kawo wata cuta dabam da ita ma ke sa ido ya yi rawaya. Tawagar Rockefeller da ke Yaba a Legas ta ci gaba da nema. A ƙarshen Yuni 1927, likita Alexander Mahaffy ya ɗebi jinin wani mutum mai shekara 28 a ƙauyen Kpeve na Gana, mai suna Asibi, sunan da duk ɗan Zongo ya saba ji. An sa jinin a jikin biran da aka kawo daga Indiya, suka kamu, aka kuma nuna abin da ke kama su yana ratsa matatar da bakteriya ba ta iya ratsawa. Bairos ne. Asibi ya warke. Adrian Stokes, ɗaya daga cikin masu aikin, ya kamu ya rasu a Legas a Satumba na shekarar.

Noguchi ya iso Accra a Nuwamba 1927 don ya duba da kansa, ya yi watanni yana aiki a ɗakin bincike na Korle Bu. Shawarar ta kama shi, ya rasu ranar 21 ga Mayu 1928. Bayan 'yan kwanaki William Young, shugaban cibiyar binciken, shi ma ya bi shi da cutar. Daga bairos ɗin jinin Asibi ne Max Theiler ya yi ta raino a ƙwayoyin naman ɓera da na ɗan tsako, zubi bayan zubi, har ya raunana ya daina kisa amma yana koya wa jiki kariya. Wannan ne rigakafin 17D na 1937, wanda ya jawo wa Theiler kyautar Nobel a 1951. A zamanin nan, duk maniyyacin da ya karɓi katin rigakafin shawara kafin ya tashi zuwa Makka, jikan wannan bairos aka sa masa.

Noguchi ya yi kuskure, girmansa ya jinkirta gano kuskuren, amma bai hana ba, domin ƙa'idar ita ce sai wani ya maimaita ya samu. Cibiyar binciken lafiya ta Legon da Japan ta gina a 1979 sunansa take ɗauke da shi, ita ce kuma ta ɗauki mafi yawan gwajin korona a farkon annobar.

Abin da iyaye mata suka riga likita sani

Cicely Williams, likita haifaffiyar Jamaika, ta zo Gana a 1929 ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise a Accra. Tana ganin yara masu kumburin ƙafa da jan gashi da saɓulewar fata suna mutuwa. Ta tambayi ma'aikatan jinya da iyaye, suka ce sunan ciwon kwashiyoko a harshen Ga, ciwon da yaro ke yi idan an yi masa ƙane, wato an yaye shi an bar shi da kokon masara. Ta rubuta bayaninsa a 1933, ta sa sunan Ga ɗin a mujallar Lancet a 1935, ta nuna madara na warkar da shi. Manyan likitocin Landan, musamman Hugh Stannus, suka ce ta ruɗe, wata sananniyar cuta ce ta ƙarancin bitamin. Lokaci ya ba ta gaskiya.

Labarin bai tsaya nan ba. Hukumomin duniya sun ɗauki bayanin ƙarancin furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da wake da madara, suka zuba kuɗi a kansa shekara 20, har a 1974 Donald McLaren ya rubuta cewa an zuzuta shi, babbar matsalar ƙarancin abinci ce baki ɗaya. Binciken tagwaye a Malawi da aka wallafa a 2013 ya nuna bakteriyar hanji ma na da hannu. Har yau ana bincike a kan dalilin da ya sa wani yaro ke kumbura wani ya rame, alhali maganin yana aiki.

Ra'ayoyi masu karo da juna

Masu shakka suna da hujjojin da ba na ƙage ba ne. Kwinin ne ya buɗe wa Turawa cikin Afirka ta Yamma, tun tafiyar William Baikie a kogin Kwara da Binuwai a 1854 wadda ba wanda zazzaɓi ya kashe. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara lokacin sanƙarau a Kano; cikin yara kusan 200 na gwajin 11 suka rasu, aka yi shari'a a kan rashin cikakken izinin iyaye, aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. A 2015 ma an dakatar da shirin gwajin rigakafin Ebola a Hohoe bayan jama'a da majalisar dokokin Gana sun nuna damuwa. Amma shakka ita ma tana da kuɗin da ake biya. Dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004 ya sa cutar ta koma ƙasashen da suka rabu da ita, Gana na cikinsu.

Masu maganin gargajiya kuma suna cewa an raina iliminsu. Kwinin daga ɓawon itace aka samo shi, sinadarin atemisinin da ya gaji kulorokwin daga wani ganye dangin tazargade ne, wanda Tu Youyou ta Sin ta ware a 1972 bayan ta duba tsofaffin littattafan maganin ƙasarta. A Mampong ta Akuapem akwai cibiyar binciken maganin itatuwa tun 1975, aikin Dokta Oku Ampofo. Sharaɗin da ake gindaya wa sassaƙe shi ne wanda ake gindaya wa ƙwaya: a auna, a san adadi, a kwatanta waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba. Haka aka yi da gidan sauro mai magani a Navrongo, inda aka raba yankin kashi-kashi ta ƙuri'a, sakamakon da Fred Binka da abokansa suka wallafa a 1996 ya nuna mutuwar ƙananan yara ta ragu da kashi 17 cikin 100.

A ganin wannan sharhi, kuskuren hukumomin lafiya shi ne sanar da umarni ba tare da dalili ba. Kulorokwin bai zama ƙarya ba. Ƙwayar maleriya ce ta sauya har ta daina jin sa. Da an bayyana haka da Hausa a masallatai da gidajen rediyo, da rabin zargin bai taso ba.

Abin da ke tafe

Kwalarar 2014 ta kama fiye da mutum 28,000 a Gana, ta kashe fiye da 240, mafi yawa a yankin Accra. Babu sabon bincike da ake jira a kanta. Abin da ake jira shi ne ruwan famfo mai zuwa kullum, bayan gida a cikin gidaje, da kula da babbar gotar da ta raba Nima da Maamobi. A ɓangaren maleriya kuwa abubuwa na motsi: Gana na cikin ƙasashe uku da suka fara ba yara rigakafin RTS,S a 2019, ita ce kuma ta fara amincewa da na R21 a Afrilu 2023. Ba ɗayansu da ke ba da cikakkiyar kariya, don haka gidan sauro na nan daram.

Akwai kuma sabon baƙo. A 2023 hukumar lafiya ta Gana ta tabbatar da samun wani sauron Asiya mai suna Anopheles stephensi a Tuba da Dansoman. An fara ganinsa a Afirka a Jibuti a 2012, a Najeriya kuma a jihar Gombe a 2020. Sauron maleriya da aka saba da shi ya fi son kududdufin ƙasa, shi ya sa cutar ta fi tsanani a karkara. Wannan kuwa yana hayayyafa a tanki da duro da tsohuwar taya, irin abin da ke kowane gida a unguwar da famfo ke ɗaukewa. Idan ya kafu, shawarar da ake ba jama'a za ta sake sauyawa, ta karkata ga rufe duk mazubin ruwa da zuba maganin kashe 'ya'yan sauro a manyan tankuna. Rufe duro aikin masu gida ne. Rage buƙatar tara ruwa tun farko kuwa yana hannun kamfanin ruwa na Gana da majalisun Ayawaso ta Gabas da ta Arewa, waɗanda Nima da Maamobi ke ƙarƙashinsu tun 2018.